Hukuncin ce wa ɗan majalisa "ƙarya kake" a gaban jama'a kan dokar lafiya ta Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni a Amurka nake zaune, na samu takardar zama ɗan ƙasa, tasi nake ja, inshorar lafiyarmu kuma ta Obamacare ce, wato dokar lafiyar da aka yi a zamanin Shugaba Obama. Maiɗakina tana da ciwon suga, kullum sai ta yi allurar insulin, ga kuɗin watan da muke biya ya tashi. Ɗan majalisar yankinmu ya kira taron jama'a, da ya ce jam'iyyarsu ba za ta bari a kori masu tsohon ciwo daga inshora ba sai zuciya ta ɗebe ni na miƙe na ce ƙarya kake, maƙaryaci. Gaskiya ban duba yadda ya kaɗa ƙuri'a ba, a tallan ɗaya jam'iyyar na ji. Na kuma tura bidiyon guruf ɗin masallacinmu amma na yanke inda ya ba ni amsa. Wani ya ce na yi haram, sukar shugaba a fili hanyar Khawarijawa ce, wani kuma ya ce kafiri ba shi da alfarma in ƙara masa. Na farkon na ce masa munafuki don na san jam'iyyar yake bi, yanzu ko gaisawa ba ma yi. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya bai wa iyalinka lafiya, ya sa kaffara ce. Wanda yake lissafin kuɗin allurar matarsa duk wata ba a ganin laifinsa don ransa ya ɓaci, kuma miƙewar da ka yi ka ɗaga murya kan haƙƙinka ba zunubi ba ne, mai haƙƙi yana da ta cewa kamar yadda ya inganta daga Annabi (SAW).

Inda hukuncin ya juya shi ne wurin da ka ce ba ka duba ba. Ɗan'uwa, "ban yarda ba" daban, "ƙarya kake" daban. Ta farko ra'ayinka ne, ta biyun kuwa shaida ka bayar cewa mutumin ya san gaskiya ya faɗi akasinta da gangan, kai kuma duk hujjarka tallan abokan hamayyarsa ce, waɗanda suka kashe kuɗi don su baƙanta shi. Wannan bai halatta ba, ko da daga baya ta tabbata ƙaryar yake, don a lokacin da ka faɗa ba ka da sani. Yanke bidiyon ya ma fi wannan muni a wurina, saboda ihun a cikin fushi ya fita, yankan kuwa zama ka yi da waya a hannu ka zaɓi inda za ka datse don mutane su ɗauka ya rasa amsa. Ha'inci ne, kuma 'yan guruf ɗin ka fara ha'inta kafin shi.

Irin wannan ta faru a majalisarsu a 2009, Obama yana jawabi kan wannan dokar yana cewa ba za ta shafi baƙi marasa takarda ba, sai ɗan majalisa Joe Wilson na jihar Carolina ta Kudu ya yi masa ihun ƙarya kake. A daren ya nemi afuwa, majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tir da abin da ya yi, alhali damuwar ɓangarensa ita ce yadda za a tantance masu takarda, maganar da za a iya yin ta da hujja, amma ihun kawai ake tunawa. Kuma kada ka ɗauka gefe ɗaya ne ke da baki biyu. Masu adawa sun yaɗa cewa akwai kwamitin da zai yanke wanda za a bari ya mutu, babu shi a dokar. Obama ma ya yi ta cewa duk mai son inshorarsa ta da zai ci gaba da ita, a 2013 aka soke ta mutane da yawa har ya ba da haƙuri.

Mai cewa kafiri ba shi da alfarma ya yi kuskure, adalci wajibi ne ko da a kan wanda kake ƙi, ayar Ma'ida a fili take.

Maganar ɗaya ɗan'uwan ce take buƙatar tsayawa, don akwai malamai da suka tafi a kan cewa ba a yi wa mai mulki inkari sai a asirce, hujjarsu hadisin Iyad bin Ganm da ya ce mai son yi wa sarki nasiha ya kama hannunsa ya keɓe da shi. Malaman hadisi sun yi saɓani kan ingancinsa, amma mu ɗauka ya inganta. To yaya za a yi da Abu Sa'id al-Khudri, wanda a filin Idi ya jawo rigar Marwan yana gwamnan Madina don zai hau mumbari kafin sallah, ya ce masa wallahi kun canja? Wannan yana cikin Bukhari, kuma a idon jama'a aka yi. Umara bin Ru'aiba ma ya soki Bishr bin Marwan yana kan mumbari, Muslim ya ruwaito. Wa zai ce waɗannan sahabbai Khawarijawa ne? Abin da ya sa aka kira Khawarijawa da sunansu shi ne kafirta mutane da zunubi da zare takobi, ba tambaya a taro ba. Imam Nawawi ya haɗa ruwayoyin da cewa a yi a asirce idan zai yiwu, in ba zai yiwu ba a yi a fili don kada gaskiya ta salwanta, kai kuma direban tasi yaushe za ka samu keɓewa da ɗan majalisa? Sannan shi wannan ba sarkin da aka yi wa mubaya'a ba ne, wakili ne da aka zaɓa, shi da kansa ya kira taron ya ce a zo a tambaye shi, dokar ƙasar ta yarda, fitinar da ake tsoro babu ita. Don haka hana magana a fili gaba ɗaya ra'ayi ne mai rauni a nan. Abin da ya rage daga hadisin shi ne ladabi, ka lura Abu Sa'id aikin ya ambata, bai laƙaba wa mutumin suna ba.

Sai dai kuskurensa bai ba ka damar ce masa munafuki ba, wannan zagin Musulmi ne, ga ƙaurar da ta wuce kwana uku. Rigimar dokar nan ba ta imani da kafirci ba ce. Tun da aka sa mata hannu a 2010, bayan ta wuce majalisar wakilai da ƙuri'a 219 da 212 ba tare da ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya ba, suke ja a kan wa zai biya, gwamnati ko kasuwa, har 2017 da yunƙurin rusa ta ya faɗi a majalisar dattawa da 51 da 49. Shari'a ta wajabta wa al'umma kada a bar talaka mara lafiya ya halaka, hanyar yin hakan kuwa maslaha ce, Musulmi biyu na kirki za su iya saɓawa a kanta.

Ka goge guntun bidiyon ka tura cikakke, ka faɗa wa guruf ɗin cewa ka yanke na farko. Ka shiga shafin majalisa a intanet ka duba ƙuri'unsa, in ya saɓa wa abin da ya faɗa ka rubuta wa ofishinsa da ranar ƙuri'ar da lambar ƙudurin, in kai ne ba daidai ba ka rubuta ka janye kalmar. Ɗan'uwanka kuma ka tare shi bayan sallah ka fara yi masa sallama.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa, kada fushi ko shakkar halaccin inshora ta sa ka yanke ta maiɗakinka, ko malaman da suka haramta inshorar kasuwanci da yawansu sun yi rangwame ga mai larura irin taku a ƙasar da kwanciya asibiti ke iya jefa mutum bashin shekaru. Wajen cike fom ɗin tallafi kuma ka rubuta ainihin abin da kake samu a tasi, kada ka rage don a ƙara maka, sannan ka tambaya ko kun cancanci Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, a jiharku. Wallahu a'alam.