Littafi Mai Shafi 900: In Saya Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yaba mini wani ƙagaggen labari na wannan zamani mai shafi kusan 900. Na ari na wata ƙawata na karanta shafi 60, amma na kasa gane wanda ke magana da lokacin da abubuwan ke faruwa, ga shi kuma ta buƙaci littafinta. Shin in sayi nawa? Idan zan saya, wanne ya fi tsakanin na takarda, na waya da na saurare?

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Ruɗanin da kika shiga yana samun kusan duk mai karanta irin waɗannan littattafai, domin sau da yawa da gangan marubutan ke sauya mai ba da labari daga wani babi zuwa wani ba tare da sanarwa ba, su cakuɗa jiya da yau, wasu ma su cire alamomin zance gaba ɗaya, har sai mai karatu ya yi nisa kafin kunnensa ya saba da muryar kowa. Kafin ki fitar da kuɗinki, ki tambayi kanki ko akwai wani mutum ko wani yanayi a cikin shafukan nan 60 da ya riƙa dawo miki a rai bayan kin rufe littafin. Idan akwai, ki saya. Idan babu, ki haƙura da shi zuwa wani lokaci.

Ni na takarda nake ba ki shawara, saboda wannan karatu ne na yawan waiwaye. Za ki buƙaci komawa baya ki duba inda aka fara ambaton wani, ki ja layi da fensir, ki kuma saƙala 'yar takarda a ciki wadda za ki riƙa rubuta sunayen mutanen labarin da dangantakarsu. Ki buɗe shi ki duba girman rubutun tun kafin ki biya, don masu ɗab'i kan ƙanƙanta haruffa domin rage yawan shafuka, kuma ido ne ke ɗaukar wahalar. Na waya yana da fa'ida guda da ba zan raina ba: idan wani suna ya ɓace miki, kina iya nemo duk wuraren da ya fito nan take. Na saurare kuwa, wanda a wannan tsawo kan wuce awa 30, ki bar shi sai karatu na biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacinki. Shafi 15 a kullum zai kai ki ƙarshe cikin kwana 60, amma idan kika ajiye shi mako guda, zaren labarin zai tsinke miki, sai kin koma baya sosai kafin ki kamo shi. Saboda haka ki dubi watanni biyu masu zuwa. Idan jarrabawa ko wani babban aiki na gabanki, ki jinkirta sayen har ki kammala.