Shayin gyaran hanji na dubu 18: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Anti barka da warhaka. Wata mai saida kaya a WhatsApp ta tallata min wani shayi wai yana da sinadarin polisakarayid mai ciyar da bakteriya masu amfani a hanji, ɗan kwali dubu 18. Ni kuma cikina kullum a kumbure, bayan gida sai in kwana biyu ban yi ba. In saya?

Amsa: Ƙanwata riƙe kuɗinki tukunna. Sinadarin dai gaskiya ne akwai shi a ganyen shayi, wani irin sukari ne mai dogon zare wanda ciki ba ya iya narkar da shi, sai ya wuce har babban hanji, a can ne bakteriya ke cinye shi su fitar da wasu sinadarai da bangon hanji ke amfana da su. Amma yawancin binciken a kan ɓeraye aka yi shi da cikin kwalaben ɗakin gwaji, galibi a China, kuma tace sinadarin ake yi a ba su da yawa, ba ɗan abin da ke sauka a kofi ɗaya ba. Abin dariyar ma tsohon ganye mai kaushi, wato mai araha, ya fi ɗanyen toho mai tsada yawan sinadarin.

Juya bayan kwalin ki karanta. In kin ga senna, filasko ne fa, shi ke sa gudawa mutum ya ɗauka wankin ciki ya yi, kuma in aka daɗe ana sha hanji sabawa yake ya ƙi motsi sai da shi. Babu lambar NAFDAC kuwa, ko kyauta ne kar ki karɓa.

Yauƙin kuɓewar nan da kike gani yana bin ludayi, shi ma dangin polisakarayid ne. Ki dage da miyar kuɓewa da kuka, wake, kwaɗon zogale, kindirmo, ga ruwa da yawa. In shayi kike so Highland na Mambilla ko koren ganyen ataya ya wadatar, ki rage sukari kawai, kuma ki bar tazarar awa ɗaya bayan cin abinci don shayi na hana jiki jan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. In kin yi sati biyu babu sauƙi, ko kika ga jini a bayan gida, asibiti za ki je ba wajen mai status ba.