Tambaya da Amsa: Me ya sa bokiti ke ƙara nauyi in na ɗago hannu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni lebura ne, ina aikin gini a Gusau. In na riƙo bokitin ruwa hannuna a sake, sai in yi tafiya mai nisa ban gaji ba. Amma da na lanƙwasa gwiwar hannu na ɗago shi gabana, ko minti ɗaya ba na yi. Ruwan dai bai ƙaru ba. Sannan duk ranar da muka sauke siminti sai in kwana da ciwon baya. Rashin ƙarfi ne ko rashin abinci?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ƙarfinka lafiya lau, tuwonka ma ba shi da laifi. Tazara ce ke wahalar da kai.

In ka taɓa shiga lambun fadama ka ga jigo, to ka riga ka san rabin amsar. Doguwar sanda ce a kan madogara, guga a dogon ɓangaren, curin laka ko dutse a guntun. Ka lura curin nan ya fi gugan nauyi nesa ba kusa ba, kuma dole ne ya fi shi, domin shi yana dab da madogara, gugan kuwa yana can nesa. Ƙa'idar ita ce a ninka nauyi da nisansa daga madogara, abin da ya fito a ɓangarorin biyu ya zo daidai. Archimedes, wani masanin lissafi Bagirke ɗan birnin Sirakus, ya tsara wannan lissafi tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Yanzu taɓa hannunka. Lanƙwasa shi, ka sa yatsa a cikin lungun gwiwar, za ka ji wata jijiya ta miƙe kamar igiya. Nan ne tsokar damtsenka ta kama ƙashi, kimanin santimita 4 kacal daga gaɓar. Tafin hannunka, inda mariƙin bokiti yake, yana wajen santimita 32. Ka ga ninki 8 ke nan. Lita 10 ta ruwa kilo 10 ce, don haka kafin bokitin ya tsaya cak a gabanka, sai tsokar nan ta ja da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 80, ban da nauyin hannun kansa. Buhun siminti ɗaya da rabi har da ɗoriya, a kan tsoka guda! Amma in hannun yana sake, bokitin yana daidai ƙarƙashin gaɓar, babu tazarar da za a ninka, sai ƙashi da jijiyoyi su raba aikin, yatsu kawai ke ji a jikinsu.

Ɗalibaina kan ce, to Malam ai an cuce mu ke nan. Ni kuwa ina ganin ciniki ne mai riba. Tsokar in ta tsuke da santimita 1, tafin hannu ya yi tafiyar santimita 8 a daidai wannan lokacin. Ƙarfi muka bayar aka ba mu sauri da nisan kai hannu. Da shi kake wurga bulo wa abokinka a saman bene, da shi ɗan dambe ke kai naushi kafin ƙiftawar ido. Da tsokar can kusa da wuyan hannu ta kama, da ka ɗaga kaya cikin sauƙi, amma kai loma baki ma sai ya zama aiki. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, ya yi wannan lissafi gaɓa bayan gaɓa a littafinsa kan motsin dabbobi da ya fara fita a 1680, ya nuna yawancin gaɓoɓinmu haka suke.

Batun bayanka shi ya fi damuna. Tsokokin da ke miƙar da gadon baya suna bin ƙashin ne kurkusa, tazararsu kimanin santimita 5 ce kacal. In ka sunkuya ƙafafu a miƙe ka cicciɓi buhu mai kilo 50, yana nesa da ƙugunka da santimita 40, lissafi ya ba mu kilo 400, kuma ba mu sa nauyin ƙirjinka da kanka ba, su ma suna reto a gaba. Duk wannan matsi a kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yake sauka. Rungumo buhun ya dawo santimita 20, ka zubar da rabi nan take. Saboda haka matso har buhun ya shiga tsakanin ƙafafunka, durƙusa, manna shi da ciki, ka miƙe da cinyoyi. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafa. In daga kan mota ake saukewa, a ɗora maka a kafaɗa, kada ka miƙa hannu ka tarbo. In kuwa ciwon ya fara sauka cikin ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko fitsari ya soma gagararka riƙewa, bar aikin ka tafi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Malam, me ya sa in mutum yana gyangyaɗi kansa gaba yake faɗawa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: 'Yata, da alama a aji kika yi wannan bincike. Kan babban mutum ya kai kilo 5, kuma gaɓar da yake zaune a kai ta ɗan ja baya, yawancin nauyin yana gabanta. Tsokokin ƙeya ne ke riƙe da shi wuni guda ba ki sani ba. Barci na zuwa su saki, haɓa ta nufi ƙirji. Shi ya sa kuma wuya ke ƙagewa in kin daɗe a sunkuye kan waya: kan ya ƙara nisa da madogararsa. Ɗago wayar ta zo kusa da saitin idonki.