Idris biyu ne, ɗana: namu da na mutanen Wales

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Allah Ya sauki iyalinka lafiya, Ya raba su cikin sauƙi.

Ka ce in namiji aka haifa kana so ka mayar da sunan mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, amma wani abokin aikinka a can Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, ya ce maka Idris sunan Wales ne tsantsa, na kakanninsu Keltawa, har ma sunan wani ƙaton tatsuniya ne, kuma ba kasafai ake jinsa ba. Shi ne kake tambaya ko ya halatta, kuma ko yaro ba zai zama bare da sunan ba.

Abokin naka bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi kuskure ba. Sunaye biyu ne daga saiwa biyu, suka zo suka haɗu a haruffa biyar.

Namu ka san shi. Annabi Idrisu, alaihis salam, sau biyu aka ambace shi a Alƙur'ani: a Suratu Maryam, aya ta 56 da 57, inda aka kira shi mai yawan gaskiya kuma annabi, aka ce an ɗaukaka shi zuwa wuri maɗaukaki, sai kuma Suratul Anbiya, aya ta 85, tare da Isma'ila da Zulkifli cikin masu haƙuri. A hadisin Mi'iraji a sama ta huɗu aka gamu da shi. Masu tarihin annabawa suna cewa shi ya fara rubutu da alƙalami, shi ya fara ɗinki. Wasu sun so su ce sunan daga "darasa" ya fito, wato yawan karatu, amma malaman nahawu suka ce ba asalin Larabci ba ne, shi ya sa ba ya karɓar tanwini, kamar Ibrahim da Isma'il. Mahaifin Imamu Shafi'i Idris ne. Idris na farko ya kafa daula a Maroko a 788. Borno ta yi Mai Idris Alooma a ƙarni na 16, Libiya ta yi Sarki Idris daga 1951 zuwa 1969, Zazzau ta yi Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020. A gida kuwa kowane layi akwai Idi ko Idrisu.

Na Wales fa? Harsunan Kelt da suka rage reshe biyu ne. Ɗaya ya ƙunshi harshen Ireland da na tsaunukan Scotland da na tsibirin Man. Ɗayan ya ƙunshi harshen Wales da na Cornwall da na Brittany a Faransa. Idris daga reshe na biyu yake. Tsohon rubutunsa Iudris ne, gaɓa biyu aka harhaɗa. Ta farko, wadda a yau suke rubutawa "udd", ma'anarta shugaba ko uban ƙasa. Ta biyun ana fassara ta da mai himma, mai zafin nama. Wato shugaba mai zafin nama. Wannan gaɓa ta farko ita ce a farkon sunayen Idwal da Ithel, ita ce kuma a ƙarshen Gruffudd da Maredudd, duk tsofaffin sunayen sarakunansu. Wannan shi ne shaidar cewa sunan ɗan gida ne a harshensu, yana da 'yan uwa da dangi, ba baƙo ba ne da ya sauka da jaka.

Ga hujjar da ta fi ƙarfi, ka riƙe ta. Akwai sarkin Meirionnydd, a arewa maso yammacin Wales, mai suna Idris ɗan Gwyddno, tsofaffin kundayensu sun rubuta kashe shi a wajajen shekarar 632. Ka lura da shekarar: ita ce shekarar wafatin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Mutumin da ya girma har ya yi sarauta ya mutu a lokacin, an raɗa masa suna tun kafin Musulunci ya fita daga Hijaz. Saboda haka ba su ara daga wurinmu ba, mu ma ba mu ara daga wurinsu ba. Duk wanda ya ce maka ɗaya ya haifi ɗaya, kamannin sauti ne ya ruɗe shi.

Batun ƙaton kuma, akwai dutse kusa da garin Dolgellau da ake kira Cadair Idris, wato kujerar Idris, tsawonsa mita 893, kimanin tafiyar awa uku a mota daga inda kuke. Tatsuniyarsu ta ce wani ƙato ne yake zama a kansa yana nazarin taurari, kuma wai duk wanda ya kwana a ƙololuwarsa shi kaɗai, ko ya wayi gari mawaƙi ko ya wayi gari mahaukaci. Masana da yawa suna ganin sarkin nan ne labari ya kumbura shi har ya zama ƙato, kamar yadda baki ke yi wa kowane jarumi. Ba gunki ba ne, ba a bauta masa, ba a yi masa yanka. Ko da ma akwai abin ƙi a tatsuniyar, bai shafe ka ba, domin suna yana bin niyyar wanda ya raɗa. Kai sunan Annabin Allah ka nufa da na mahaifinka, shi liman zai faɗa, shi mutane za su shafa wa fatiha.

Sai maganar ƙarancinsa. Wannan ya danganta da inda mutum ya tsaya yana kallo. A Wales, bayan dokokin haɗe ƙasar da Ingila na 1536 da 1543, sannu a hankali sunayen gargajiya suka ja baya, John da William da Thomas suka cika gari. Hatta tsarin nasabarsu ya narke. Da suna cewa "ap", daidai da "ɗan" namu, sai ap Rhys ya zama Price, ap Hywel ya zama Powell, ab Owen ya zama Bowen. A ƙarni na 19 aka farfaɗo da tsofaffin sunaye, Idris ya dawo, ya yi kasuwa a garuruwan haƙar kwal na kudu. Mawaƙinsu Idris Davies, wanda aka haifa a Rhymney a 1905 ya rasu a 1953, ɗan wannan zamanin ne. Daga baya sunan ya koma na tsofaffi, kamar yadda Tanko da Jatau suka koma a wurinmu, yanzu kuma jikoki sun fara tono shi. Ɗan fim ɗin nan Idris Elba ya ƙara sa kunnuwa sun saba da shi, ko da yake nasa namu ne, cikakkensa Idrissa, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Gana. Cardiff ɗin ma tun ƙarni na 19 ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Yaman da Somaliya suka zauna a unguwar Butetown, don haka Idris Musulmi ba sabon abu ba ne a garin.

In ka je duba alƙaluma, ka yi hattara da abu uku. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya tana fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales duk shekara, amma ba ta raba Idris ɗan Wales da Idris ɗan Musulmi, buhu ɗaya take zuba su. Kowane salon rubutu kuma lissafinsa daban, Idris daban, Idrees daban, Idriss daban, kamar yadda aka raba Muhammad da Mohammed, duk da haka Muhammad ya zo na ɗaya a 2023. Sannan sunan da bai kai jarirai uku ba a shekara ba a buga shi. Idris ya yi nisa da wannan layin, ya kuma yi nisa da sahun farko. A ganina wurin zama mai kyau ke nan: malamin makaranta zai iya karanta shi ba tare da ya yi tuntuɓe ba, kuma ba za a kira a aji yara huɗu su juyo ba.

Furuci ne kawai zai bambanta. Su suna danna gaɓar farko su taƙaita ta biyu, mu da Larabawa muna jan ta biyun. Kada ka ɓata ranka kana gyara wa ma'aikaciyar jinya. A gida ku kira shi yadda aka kira kakansa.

Yanzu ga inda ake yawan samun tangarɗa, kuma ba ka tambaya ba, amma gara ka ji tun da wuri.

Asibiti ba za su tilasta muku suna ba. Dokar Ingila da Wales ta ba ku kwana 42 kafin a yi rajistar haihuwa, saboda haka kwana bakwai ɗinmu ya shiga ciki har da saura. Kada zumuɗi ya sa ka yi rajista kafin ranar suna. Da an haihu ka yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a hagu, ka tauna dabino ka shafa masa kaɗan a dasashi. Lissafin kwanaki a mazhabarmu ta Malikiyya, in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga wannan yinin, shi ya sa haihuwar Litinin da rana take ba da suna Litinin mai zuwa. In kafin alfijir ne, yinin ya shiga lissafi. Rago ɗaya ya wadatar, da sharuɗɗan na layya, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, ba ramamme ba, kuma da hantsi ake yankawa. Wasu mazhabobin suna cewa biyu ga namiji, in da hali babu laifi. A can ba a yarda mutum ya kayar da rago a bayan gida ba, yanka irin namu sai a mahauta mai lasisi. Ko ka yi magana da mahaucin halal tun da mako guda, ka tabbatar masa da ranar, ko ka turo kuɗi a yanka a nan gida da wakilcinka. In nan za a yi, agogonmu da naku ɗaya ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni mun riga ku da awa ɗaya. Askin kuma a yi shi a hankali da injin aski, a auna gashin, a yi sadakar kimar nauyinsa na azurfa.

Sai alkunya. Matarka ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan surukinta ba, kakarsa ma ba za ta kira sunan mijinta ba. A gida Abba ko Baba ko Khalifa ya rufe wannan. A can kuwa, sunan da ke takarda shi za a kira a ɗakin jiran likita, kuma uwa za a tambaya sunan ɗanta. Mafita ita ce ku sa laƙabin cikin rajista a matsayin suna na tsakiya, sannan ku gaya wa makaranta da asibiti wanda kuke so a riƙa kiransa da shi, suna da gurbin rubuta hakan. Inda dole ta kama, ta faɗa ko ta miƙa katin, babu wanda zai ga rashin kunyarta.

Abu na ƙarshe shi ya fi cin mutane. Kai a fasfo ɗinka sunan mahaifinka ne sunanka na biyu, Turawa kuma sun ɗauke shi sunan dangi. In ka bi tsarinsu, yaro zai tashi Idris Idris. Doka ba ta hana ba, amma za a yi ta zaton kuskuren cike fom ne. In ka bi namu, ka sa masa sunanka a matsayin na biyu, nasabarsa ta fito daidai, sai dai sunansa na ƙarshe zai saɓa da naka da na uwarsa, don haka duk tafiya ku riƙe cikakkiyar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen iyaye. Ni na biyun na fi so, shi ne ya dace da kiran ɗa da sunan ubansa. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kan rubutu ɗaya. Idris a takardar haihuwa, Idris a fasfo, Idris a lambar NIN in kun zo gida. Harafi ɗaya ya ƙaru, Idriss ko Idrisu, sai ka ga ana neman takardar rantsuwa daga kotu. Kafin ka sa hannu a gaban mai rajista ka karanta shafin harafi bayan harafi, domin gyara bayan sa hannu kuɗi ne da jira. Sauya sunan farko a takardar kuma sai cikin wata 12 da yin rajista.

Ka gai da iyalin da kyau. Da zarar ta sauka ka kira, ko tsakar dare ne, don a samu ɗaure ragon da wuri.

Baffanka.