Tambaya da Amsa: Tsohuwar Mota Mai Gudu, In Saya Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Shekara biyar ke nan ina hawan Corolla, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Makon jiya wani dillali ya kawo mini BMW 330i ƙirar 2003, baƙa wuluk, kujerun fata, giya otomatik. Na ɗana ta a hanyar Batagarawa. Wallahi Baba tun ranar nan Corolla ta koma mini kamar jaki. Kuɗin da aka sa mata bai kai na tawa ba, in na sayar zan saya har in samu canji. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa ƙarfen Jamus ba ya mutuwa, wasu na cewa gareji zan koma da zama. Za ta iya kai ni aiki, ta kai yara makaranta, ta kuma je Kano sau biyu a wata ba tare da ta ba ni kunya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Abokanka duk sun yi gaskiya, kowa dai gefen da ya gani ya faɗa.

Kafin mu je ga ƙarfe, tsaya ka tambayi kanka abu ɗaya. Motar da a sabuwarta ta fi Corolla tsada nesa ba kusa ba, me ya sa yau ta fi ta araha? Kasuwa ba ta hauka. 'Yan kasuwar mota sun riga sun cire kuɗin gyaran da ke gabanka daga farashin, shi ne canjin da kake murna za ka samu. Ajiya aka ba ka, bakanike zai zo ya karɓa.

Na riƙe ƙanwarta, 325i, shekara shida, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ka ba. Injin da ke cikin 330i sunansa M54, silinda shida a jere, lita 3, ƙarfin doki 231. Inji ne mai kyau ƙwarai. Sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba, kuma in ana ba shi baƙin mai mai kyau yana daɗewa har ka gaji da shi. Matsalar ba cikin injin take ba, tana wajen abin da aka kewaye shi da shi. Tankin ruwa roba ne. Bakin lagireto roba ne. Gidan tamostat roba ne. An ƙera su don ƙasar da ake sa rigar sanyi rabin shekara, yanzu sun haura shekara 20 a duniya, ga shi an kawo su garin da a watan Afrilu zafi ke wuce 40 a ma'auni. Roba in ta sha wannan wuta sai ta bushe ta koma kamar ƙwarya. Ba ta yoyo ta ba ka labari, tsagewa take yi gaba ɗaya.

Tawa a Gidan Mutum Ɗaya ta yi mini. Ina kan hanyar Kano da azahar, AC a kunne, allurar zafi na tsaye cak a tsakiya kamar kullum. Sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, na duba, allura ta riga ta kwanta a ja. Tsakanin lafiya lau da ja bai fi ƙiftawar ido ba. Daga baya na gane cewa allurar wannan mota ba ta bin zafi taki-taki, an tsara ta ta zauna a tsakiya ko da zafin ya ƙaru, sai abu ya yi nisa take motsawa. Na hango inuwar wata bishiya a gaba, na ce bari in ƙarasa can. Wannan 'yar tafiyar da ba ta kai kilomita ɗaya ba ita ta cinye mini kuɗin da na tara na rufin ɗaki. Da na buɗe bonet, tankin ruwa ya tsage daga wuya har gindi, tururi na fita kamar an buɗe tukunyar dambu.

Ga dalilin da ya sa abin ya yi tsada. Jikin injin nan alminiyon ne. In ya tafasa, top silinda na lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, sannan ramukan da kusoshin top ke shiga su cinye. Ka je ɗaurewa, kusa ta yi ta juyawa ba ta kamawa. Bakaniken da na fara kai wa ya sa gaskit sau biyu yana ƙonewa, bai san inda gizo ke saƙa ba. Ƙarshe sai da na je Ƙofar Ruwa a Kano na ɗauko wani injin. Corolla takan yafe maka irin wannan ganganci. Wannan ba ta yafiya. In allura ta tashi, a nan inda kake za ka kashe ta, ko a tsakiyar rana ne.

Saboda haka in ka saya, kafin ka kai ta ɗaurin aure kowa ya gani, ka canza kayan ruwa duka a lokaci ɗaya: tanki da murfinsa, lagireto, famfon ruwa, tamostat, tiyo na sama da na ƙasa, fanbel, ka kuma sa a duba fanka. Kada ka jira su lalace ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗaya rana guda ce a bakin titi. Kuma don Allah kada ka yarda a cire maka tamostat a ce wai ƙasarmu da zafi ba ta buƙata. Na wannan mota haɗe yake da kwamfutar injin, in aka cire sai ta yi ta shan mai tana kunna fitila. Kada a ɗura mata ruwan rijiya ko na fiyawata tsura, ruwan sanyaya inji na gaske za a haɗa da ruwa mai tsabta, sannan a buɗe 'yar kusar da ke sama a fitar da iska. Wanda bai san da wannan kusar ba, kada ya taɓa maka mota.

Sai baƙin mai. Lita shida da rabi take sha, kuma ba na awo da ake ɗebowa daga durom ba. Ka nemi 5W-40 mai ɗauke da lambar LL-01 a jikin galan. Kwamfutarta za ta bar ka ka yi wajen kilomita 25,000 kafin ta nemi juye. Wannan lissafin Turai ne. Mu da ƙurar hunturu ke shiga har cikin akwatin tufafi, ni ban taɓa wuce 6,000 ba. Akwai wata na'ura a gaban injin, VANOS, da ƙarfin mai take aiki. In robobinta suka bushe za ka ji motar ta yi nauyi wajen tashi, ta riƙa karkarwa da safe. Yoyon mai kuwa daga murfin sama da gindin gidan filta, kusan kowace irinta da ta kai wannan shekaru tana yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka gyara dai, don man na zuba kan bel da tiyo yana cinye su.

Ƙafafu ba sai na ja zance ba. Mota ce mai ƙasa, tudun rage gudu da ramukan damina za su ci bushin da shokozoba na gaba. Abin da nake so ka gani da idonka shi ne ƙasan baya. A ɗaga ta, ka shiga da tocila, ka duba inda ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ya haɗu da jikin mota. Wannan ƙira an san ta da tsagewa a wurin, musamman wadda samari suka yi wasa da ita. In ka ga tsaga ko sabon walda an shafe da baƙin fenti, ka yi wa dillali godiya ka kama hanya.

Ranar dubawa, ka ce kada a tayar da ita sai ka zo. Taɓa bonet da hannunka, in da ɗumi to an riga an ɗumama ta don ɓoye wani abu. Murɗa makulli rabi, ka tabbatar fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, don akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi. Buɗe murfin mai, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa a ciki, da alamar ruwa ya shiga mai. Bayan ta yi zafi sa giyar baya a ɗan tudu, in ta yi jinkiri ko ta fizga, giyabos na ban kwana. Tambaye shi yaushe aka juye man giya. In ya ce ai ba a canzawa, to ka san shekara 20 ke nan. Ka zo da mai kwamfuta naka, ba na dillali ba. Takardun kwastan kuma ka tantance su, tun da a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, mu kuwa ga iyakar Jibiya nan kusa.

Fetur fa? Tankinta lita 63. Tawa ƙarama ma a cikin gari da AC wajen kilomita bakwai take ba ni a lita. Kafin 29 ga Mayun 2023 wannan abin dariya ne. Tun da aka cire tallafi, Naira kuma ta faɗi, kayan gyara na gaske da ake sayowa da kuɗin waje suka tashi, dariya ta ƙare. Wani ƙaramin abu sai an aika Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, mota na zaune kwana huɗu. A cikin kwanakin nan wa zai kai yara makaranta?

Amsata ita ce kada ka sayar da Corolla. Ka duba masu dawakin hawan Sallah a garin nan, ba wanda ke zuwa ofis a kan doki, kuma kowa ya san sayensa bai kai harawa da dusa wahala ba. In kana da halin riƙe biyu, ka kuma ware kamar sulusin kuɗin motar ka ajiye don gyaran farko, saya, za ka ji daɗin da Corolla ba za ta taɓa ba ka ba. Ni bayan na gyara tawa yadda ya kamata, shekara huɗu na yi ba ta sake tsaya mini ba, har yau in na ji kukan silinda shida sai na waiga. In kuwa sai ka sayar da ɗaya za ka sayi ɗaya, haƙura tukuna.

TAMBAYA: Malam, maigidana yana da Mercedes E55 AMG. Wata bakwai ke nan tana tsakar gida, ta durƙusa kamar raƙumi, kaji har sun fara ƙwai a ƙarƙashinta. Kullum sai ya ce kaya na hanya. Ni dai na ce kishiya ce aka yi mini. Tana gyaruwa, ko in sa yayansa ya yi masa magana ya sayar? Daga wata uwargida a Daura.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, kishiyar nan kam mai cin kuɗi ce. Daga durƙuson da kika faɗa, irin ta 2003 zuwa 2006 ce. Ba a kan sifirin take tsaye ba, a kan jakunkunan iska take, da ɗan famfo mai hura su. Jaka ta huje, famfo ya yi ta aiki har ya ƙone, mota ta kwanta. Tana gyaruwa, ko a sa sababbin jakunkuna da famfo ko a mayar da ita kan sifirin na ƙarfe, wanda ya fi dacewa da hanyoyinmu duk da laushinta zai ragu. Injin kansa, silinda takwas, lita 5.4, yana cikin mafi ƙarko da Mercedes ta yi, sai dai fulogi 16 yake ɗauka, biyu a kowace silinda.

Abin da ya fi damuna birki ne. Wannan ƙira tana da birki mai aiki da famfon lantarki, SBC, wanda kamfanin da kansa ya daina sa wa irin wannan mota a 2006. In famfon ya gaji, jan rubutu zai fito a gaban direba, birki ya ragu ƙwarai. Ki tambayi Alhaji ko ya taɓa ganin jan rubutun. In ya gani, kada ki shiga, kada yara su shiga, sai an gyara.

Zaman da take yi kuma yana ƙara mata ciwo: batir ya mutu, tayoyi su tsattsage, fetur ya lalace a tanki, ɓeraye su ci waya. Ba sai an kai ga yaya ba tukuna. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ce a rubuta duk abin da take buƙata da kuɗinsa a takarda ɗaya, a sa wa'adin wata biyu. Yawancin maza in suka ga jimlar da idonsu, su ne ke fara kiran dillali.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne, ina son mota mai ƙarfi amma wadda ba za ta kashe ni ba. Wace ce? Daga wani matashi a Ƙofar Marusa.

AMSA: Yaro, in aljihu ƙarami ne ka nemi Golf 3 GTI mai lita 2. Ba za ta ba ka tsoro da gudu ba, amma tana da kuzari, kuma duk garejin da ke hanyar Jibiya sun san cikin Golf kamar tafin hannunsu. Ka guji Golf mai injin VR6, sarƙar taiminta ta ɓangaren giyabos take, sai an sauke shi ake kai wa gare ta. In hali ya ƙaru, Lexus IS300 ta 2001 zuwa 2005 jikin injinta baƙin ƙarfe ne, yana jure zafi fiye da na BMW. Ita da bel take taimin, ranar da ka saya ka canza shi tare da famfon ruwa. Kuma kowace ka ɗauka, kuɗin farko na tayoyi huɗu ne sababbi da birki, salansa mai ƙara ta jira.