Amsa ga mai OVA ɗin da VMware ta ƙi karɓa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Wannan amsa ce ga ƙanina da ya turo hoto ɗazu, wanda ya fitar da na'urarsa ta Ubuntu daga VirtualBox (manhajar da ke gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta) a matsayin fayil ɗin OVA, ya kai kan sabar ESXi (manhajar VMware mai irin wannan aikin) ta wurin aikinsu, ita kuma ta ce ba ta san "virtualbox-2.2" ba. Rubutun zai yi yawa, shi ya sa na ga gara in yi murya.

To ƙanina, don Allah kar ka sake fitar da komai, kar kuma ka ƙona datarka wajen sake turawa. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Shi OVA ɗin nan kamar kwali ne aka zuba kaya aka ɗaure. Ka buɗe shi da 7-Zip, za ka ga abu uku a ciki. Akwai mai .vmdk, shi ne faifan, duk aikinka yana cikinsa. Akwai mai .ovf, ɗan rubutu ne kawai da ke bayanin na'urar: RAM nawa, katin sadarwa wane iri, faifan a ina yake maƙale. Sai ƙaramin nan mai .mf. Rigimar duk a kan .ovf ɗin take, faifan ba ruwansa.

Kafin ka taɓa komai ka ajiye kwafin OVA ɗin a gefe, ka ji ko? Yauwa. Sai ka buɗe .ovf da Notepad++, ka nemo layin da aka rubuta VirtualSystemType. Nan za ka ga virtualbox-2.2 ɗin. Ka goge shi ka rubuta vmx-13 in sabarku ESXi 6.5 ce ko wadda ta fi ta sabunta. In 5.5 ce, vmx-10. Ni dai na fi son a sa ƙaramar lamba, domin sabuwar saba tana karɓar tsohuwar lamba, amma tsohuwa ba ta karɓar sabuwa.

To a nan ne mutane da yawa ke sarewa. Ka gyara, ka sake gwadawa, sai ta ce fayil ɗin ya lalace. Bai lalace ba. Wancan .mf ɗin yana riƙe da lambar tantancewa ta SHA ta kowane fayil, ko harafi ɗaya ka canza lambar ba za ta ƙara dacewa ba. Tunda da hannunka ka fitar da na'urar, cire .mf ɗin daga wurin kawai, ka zaɓi .ovf da .vmdk tare ka shigar. Ba sai ka sake ɗaure su sun koma OVA ba. Amma in daga intanet ka sauko da abu, ka fara tabbatar da lambar kafin ka cire, wannan ban yarda a yi wasa da shi ba.

Masu VMware Workstation a kwamfutarsu kuma naku da sauƙi, in ta yi ƙorafi za ta ba ku maɓallin Retry, ku danna, galibi tana wucewa.

Sannan ko ta shiga, kar ka ɗauka an gama. In ka kunna ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, duba ko a VirtualBox da EFI take tashi, nan kuma an sa ta a BIOS (hanyoyi biyu ne na tada kwamfuta). Ka daidaita su. Abin da kuma zai iya samunka shi ne matsalar intanet. A VirtualBox sunan katin sadarwar enp0s3 ne, a VMware sai ya koma ens33 ko ens160, shi kuwa Ubuntu yana can yana neman tsohon suna. Ka rubuta ip a a wurin rubuta umarni (terminal) na Ubuntu, ka ga sabon sunan, ka shiga /etc/netplan ka canza shi a fayil ɗin da ke ciki, sai sudo netplan apply. Bayan nan ka cire Guest Additions, wato ƙarin direbobin VirtualBox da ke cikin Ubuntu, ka sa open-vm-tools, takwaransu na VMware.

Da Windows ce ma, da shuɗin allon nan mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE za ka iya gani, saboda an canza mata mahaɗin faifai daga SATA zuwa SCSI alhali ba ta da direbansa. Mayar da shi SATA ake yi ta tashi.

Nan gaba in za ka fitar, ka kashe na'urar gaba ɗaya tukuna, ka cire katin sauti da duk wani ISO (fayil mai zaman faifan CD) da ke maƙale, ka zaɓi OVF 1.0, kar ka zaɓi 2.0. Yanzu dai gyara layin nan ka gwada. In ta sake kawo wani saƙo, ɗauki hotonsa gaba ɗaya har da lambar layin da ta ambata, ka turo nan zauren mu duba tare.