Fararen ƙwallaye a hotunan maƙabartar Highgate: fatalwa ce ko ƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Landan. A watan Disamba mun shiga tsohuwar maƙabartar Highgate da yamma liƙis, na ɗauki hotuna da waya. Da na duba, uku daga ciki sun fito da fararen ƙwallaye suna shawagi a kan kaburbura, ɗaya kuma da wani farin hayaƙi mai kama da fuskar mutum. Abokina ya ce kurwar mamata ce, har ya turo mini hoton wata mata zaune a kan kabari a maƙabartar Bachelor's Grove ta Amurka. Ta yaya zan gane gaskiyar abin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, nemi asalin hotunan a cikin wayarka, ba wanda aka turo ta WhatsApp ba, domin manhajar tana matse hoto tana kuma goge bayanan da ke maƙale da shi. Waɗannan bayanan, da ake kira EXIF, su za su nuna maka lokacin ɗauka, ko filasha ta haska, da tsawon lokacin da kyamara ta yi tana shan haske. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, ga Highgate cike da manyan bishiyoyi da ciyayi masu nannaɗe duwatsun kabari, saboda haka da wuya a ce wayarka ba ta kunna filasha ko tsarin ɗaukar dare ba.

Mu fara da ƙwallayen, tunda su suka fi ruɗa mutane. A waya da ƙananan kyamarori, filasha tana daf da gilashin kyamara, tazararsu ba ta wuce santimita ɗaya zuwa uku ba. Idan ta haska, duk ƙwayar ƙura ko ɗigon yayyafi ko ƙaramin ƙwaro da ke gaban gilashin zai mayar da hasken kai tsaye cikin kyamara. Ƙarfin haske yana raguwa sosai da nisa: ƙurar da ke santimita 5 daga wayar tana samun haske kusan ninki 10,000 na wanda dutsen kabarin da ke mita 5 yake samu. Kyamara kuwa ta saita idonta a kan dutsen, don haka ƙwayar ba ta fita sarai, sai ta baje ta zama faifai fari mai dishi-dishi, wani lokaci da zobe a gefensa. Alamominsa sanannu ne: kana hango abin da ke bayansa, ba shi da inuwa a ƙasa, kuma ba za ka taɓa ganin wani kabari ya tare rabinsa ba, domin kullum shi ne a gaba da komai. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton biki da dare a lokacin hunturu a Kano ko Damagaram ya san yadda hazo yake cika hoto da irinsu.

Gwajinsa ba ya cin kuɗi. Shiga ɗaki mai duhu, kaɗe matashin kai sau biyu, ka ɗauki hoto da filasha. Sannan ka kashe filashar, wani ya riƙe tocila a gefe, kamar kamu ɗaya daga wayar, ka sake ɗauka. Ƙurar tana nan, amma ƙwallayen za su ragu ƙwarai ko su ɓace.

Hayaƙin nan mafi kusa shi ne numfashinka. Cikin sanyin Disamba hucin baki yana fita kamar tururi, filasha ta kama shi a gaban gilashi. Fuskar da ka gani kuma aikin ƙwaƙwalwa ne: an halicce mu da saurin gane fuska, ɗigo biyu da layi ɗaya sun isa mu ga ido da baki, kamar yadda yara suke ganin raƙumi a gajimare. Ka riƙe numfashi daƙiƙa biyar kafin ka danna, ka kuma kula da igiyar waya da gashi da yatsa, su ma suna fitowa kamar farin zare mai lanƙwasa.

Hoton da abokinka ya turo ya fi cancantar a tsaya a kansa. An ɗauke shi a watan Agusta na 1991 a Bachelor's Grove, wata ƙaramar maƙabarta da aka daina amfani da ita a dajin da ke kudu maso yammacin Chicago, yayin da ƙungiyar Ghost Research Society take bincike a wurin. An yi amfani da fim baƙi da fari mai ɗaukar hasken infrared, wanda ido ba ya gani, kuma 'yan ƙungiyar sun ce ba kowa a wajen lokacin. Abu biyu ya kamata ka sani. Irin wannan fim yana mayar da ganye fari fat, fatar mutum kuma ta fito kamar madara, don haka ko mai rai zai yi kama da abin tsoro. Na biyu, jikin da ake hango abin da ke bayansa, irin na matar da ke hoton, sananne ne a sana'ar hoto. Ɗora kyamara a kan ƙafafunta uku, ka bar ta tana shan haske daƙiƙa 4, wani ya zauna daƙiƙa 2 ya tashi: zai fito rabi-rabi, kujerar tana bayyana ta cikin jikinsa. Tsarin ɗaukar dare na waya yana haifar da makamancin haka, tunda hotuna da yawa yake haɗawa wuri guda. Ban ce an yi ha'inci a hoton 1991 ba, amma hoto ɗaya tak da shaidar baki ba su kai hujja ba.

Ha'incin ma yana da tarihi. William Mumler na Boston ya yi suna a shekarun 1860 da hotunan da mamaci ke fitowa a bayan mai rai, daga baya ma ya yi na matar Abraham Lincoln da marigayi mijinta dafe da kafaɗarta. An gurfanar da shi a New York a 1869 bisa zargin zamba, kotu ta sallame shi don ba a tabbatar da laifin ba, ko da yake an nuna cewa kowane mai hoto zai iya yin irinsa. A 1922 kuma wani mai bincike, Harry Price, ya kai wa William Hope na Ingila, mai da'awar ɗaukar hoton kurwa, farantan gilashin ɗaukar hoto da aka yi wa alama a ɓoye, sai farantin da kurwa ta fito a kansa ya dawo ba alamar. Abin takaici, masu makoki ne aka fi tatsa da wannan.

Idan za ka koma, yi aikin da tsari. Goge gilashi da tsumma mai laushi. Kowane wuri ka ɗauki hoto uku a jere ba tare da ka motsa ba, biyu da filasha ɗaya babu. Abokinka ya tsaya mita 2 a gefenka ya ɗauki wuri guda a lokaci guda. Abin da yake tsaye a kan kabari da gaske dole ya fito a wayoyin biyu, a wuri ɗaya, ƙura kuwa a ɗaya kawai za ta fito. Ku rubuta lokaci da yanayin iska da duk wanda ya gifta. Na'urar auna maganaɗisun lantarki da masu farautar fatalwa ke yawo da ita kada ka sa kuɗinka a kanta, wayar da ke aljihunka ma tana iya sa fitilunta su kama.

Hukuncin ruhi da aljanu na malamai ne, kyamara haske kawai take kamawa. Abin da ke wuyanka shi ne ladabin wurin. Highgate, wadda aka buɗe a 1839, har yau ana binne mutane a cikinta, kuma ta sha ɓarna a 1970, lokacin da jita-jitar wani mai shan jini ta sa jama'a suka haura katanga da dare. Ka shiga a lokacin da aka buɗe ƙofa, kada ka taka kabari ko ka zauna a kansa don neman hoto, idan kuma ka tarar da masu ziyarar mamatansu, mayar da wayar aljihu har su wuce.